Zoɓon Goggo Yagana

Na manta ban sa sukari a kunun gyaɗar da na kai wa Goggo Yagana ba. Sai da na koma madafa na ga cokalin a cike a kan murfin kwano. Na juyo da sauri zan karɓo kofin, na tarar har ta sha rabi. Ta ɗago ta dube ni.

"Hannunki ya faɗa, Lubna," in ji ta. "Sai dai ki riƙa rage sukari. Mu mun tsufa."

Na ɓoye cokalin a bayana, na ce to. Ni dama ba mai magana ba ce. Shekara huɗu na yi a jami'a a Kano ina karanta ilmin sinadarai, ban fi sau uku da ɗaga hannu a aji ba. Amma ina gani, kuma abin da na gani a ranar ya tsaya mini a rai.

Goggo Yagana yayar mahaifinmu ce. A Gwiwa take zaune, a gidan mijinta da ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Abin da aka san ta da shi a danginmu shi ne zoɓo. Tun kafin a haife ni, duk sunan da za a yi ko biki ko saukar karatu, daga Roni har Babura, ita ake aika wa. Da hannunta take shuka zoɓon a gefen gonar gero, ta tsinke shi da kaka, ta shanya, ta ɗure a buhu. Idan ta iso gidan sha'ani ana ware mata murhu guda da tukunya guda, ba kuma mai sa hannu a tukunyar nan. Ba ta taɓa ba wani ya ɗanɗana mata ba. Ita ce ta taɓa kurɓar ruwa a gidanmu ta ce wannan na rijiyar masallaci ne, ba na famfo ba, kuma haka ɗin ne.

Wannan karon Yaya Sa'adiyya ce ta haihu. Haihuwar fari ce, don haka ta dawo gida Kazaure wankan jego, suna kuma washegari. Surukarta, Hajiya Fatu ta Babura, ta aiko tun kwana uku da haihuwa cewa za su zo da lemon kwalba, kada a wahalar da tsohuwa. Umma ta ce a yi mata godiya, amma a gidan nan zoɓon Yaya Yagana ake sha.

Haka ta faɗa wa ɗan aike. Da yamma kuwa ina shanya kayan jariri a bayan taga na ji ta da Baba.

"Na Babbar Sallah citta ta yi masa yawa, Malam. Yara har tari suka yi."

"Na lura," in ji Baba. "A gani dai. Idan wannan ma haka ya fito a gaban baƙi, sai a bar ta ta huta. Ta yi abin da za ta iya."

Da tausayi ya faɗa. Amma na san abin da hutun nan yake nufi ga macen da ba ta da ɗa ko jika, wadda duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofarta a Gwiwa saboda zoɓo ya tsaya.

Bayan la'asar muka zauna tsince zoɓo, ni da ita, a kan tabarma. Muna cire tsakuwa da ƙananan itatuwa, muna ware waɗanda suka yi fari. Ta kwance ƙullin kayan ƙamshinta: busasshiyar citta, kanumfari, masoro, ɗan kimba. A da takan ɗebi kanumfari ta murza a tafin hannu ta sansana, sannan ta ƙara ko ta rage. Ranar nan ƙirga shi take yi ɗaya-ɗaya, leɓenta yana motsi. Sai na tuna da daminar bara, lokacin da mura da zazzaɓi suka kwantar da ita wata guda. Ta tashi, kowa ya yi mata barka. Ba wanda ya tambaya ko ta tashi da komai nata.

"Me kike kallo?" ta tambaye ni.

"Ba komai, Goggo."

"Ke kullum ba komai. Miƙo mini farantin can."

Da safe aka raɗa wa yaro suna Muhammadu Lawal, aka yanka rago. Kafin hantsi tsakar gidanmu ya cika da hayaƙi. Murhu huɗu aka kafa: na shinkafa, na miya, na ruwan wankan maijego, da na Goggo a gindin katanga. Ta wanke zoɓon sau biyu cikin sauri, don yashi ya fita ba tare da launin ya bi ruwa ba. Ta zuba a tukunya da dakakkiyar citta da sauran kayan ƙamshi, da ɓawon abarba, da dankalin Hausa da ta fere ta yanka ƙanana saboda zaƙi. Ni aikina ɗebo ruwa da tura itace.

Inna Ma'u, ƙanwar Umma da ta zo daga Roni don yi wa maijego wanka, tana gefe tana wanke kayan cikin rago. Ita Bafullatana ce kamar Umma, Goggo kuma Babarbariya, don haka ba sa haɗuwa su rabu lafiya.

"Yagana, wannan hayaƙin naki zai kashe mana jariri. Ku Barebari ba ku iya hura wuta ba sai ta turare."

"Ke da kika taso a bayan saniya, ina kika san hayaƙin gida? Wanke hanjinki ki yi shiru."

"Hanjin da za ki fi kowa ci."

"Ni? Sai na ga an sake wanke shi."

Matan da ke gyaran shinkafa suka yi ta dariya. Goggo ma ta yi, ludayinta a hannu, kuma a lokacin na ce a raina wataƙila ni ce na ƙara wa abin gishiri.

Da zoɓon ya dahu ta sauke, muka tace da rariya, muka sake tacewa da farin ƙyalle a cikin babbar roba. Ja ne sosai, mai haske, ƙamshinsa har zaure. Saura kanwa. Goggo ba ta son zoɓon da aka danne tsaminsa da sukari zalla. Takan jiƙa 'yar ƙanƙanuwar kanwa a kwanon sha, ta tsiyaya ruwan kaɗan-kaɗan har tsamin ya kwanta. Tun da sassafe ta jiƙa tata ta ajiye a kan dakali.

Amma gidan maijego gidan kanwa ne. Inna Ma'u ma tana da nata kwanon a kan dakalin, wanda ta jiƙa tun jiya saboda kunun kanwar da ake dama wa Yaya Sa'adiyya, kuma nata mai kauri ne, dunƙule guda ta sa. Kwanukan iri ɗaya ne, duk daga kabad ɗin Umma suka fito. Da aka kawo tiren nama wata ta matsar da kwanon Goggo can ƙarshen dakali, na Inna Ma'u ya dawo wurinsa.

Ina tahowa da bokiti na ga hannun Goggo ya sauka a kan kwanon. Ta tsoma yatsa ta taɓa a harshe, kamar yadda take yi kullum. Duk mai harshe da ya taɓa ruwan nan zai tofar. Ita kuwa ta gyaɗa kai, ta tsiyaya rabin kwanon a roba.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Mata bakwai ne a wurin, sai muryar ta ƙi fita.

Kumfa ta taso, ta fi ta kullum. Goggo ta juya da ludayi har ta kwanta. Jan nan ya tafi, abin da ya rage duhu ne mai kama da ruwan rini. Ta zuba sukarinta yadda ta auna, ta sake juyawa. Sannan ta ɗebo a ludayi ta fito daga inuwar katanga, ta ɗaga shi a rana. Ta daɗe tana kallo. Idonta ya gaya mata akwai abin da ya faru, amma bai gaya mata iyakarsa ba. Wani zoɓon dama yakan yi duhu idan ya sha rana da yawa wurin shanya. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye.

"Lubna."

"Na'am, Goggo."

"Zo ki ji mini ko ya huce."

Ta miƙo mini ludayin. Inna Ma'u ta ɗago daga kan robar hanji, hannunta duk kitse.

"Iye! Yau Yagana ta ba wani ludayi? Za a yi ruwa a bazara."

"Zafi na ce ta ji mini, ke kuma. Haƙorina ba ya son zafi."

Na kurɓa. Babu tsami ko kaɗan, babu zoɓo a cikinsa. Wani salaf ne mai santsi a harshe, da ɗan ɗaci a ƙarshe, sukarin yana yawo shi kaɗai. Goggo tana tsaye dab da ni, har ina jin ƙamshin turaren mayafinta. Matan sun rage hira suna jira. An koya mini tun ina ƙarama cewa ba a ce wa babba abincinsa bai yi ba, balle a gaban mutane, balle yayar uba.

"Ya yi, Goggo."

"Ya yi?"

"Ya yi."

Ta dube ni kaɗan, ta karɓi ludayinta, ta rufe robar da faifai. "To. Idan an kawo ƙanƙara ki zuba, ki ɗure a robobi. Ni zan yi wanka in yi salla."

Daga nan dama aikinta yake ƙarewa. Ɗurawa aikin 'yanmata ne, ni kaɗai ce kuma budurwar da ta rage a gidan.

Na ja robar zuwa ɗakin ajiya na turo ƙofa. Abin da ya faru ba baƙo ba ne a wurina. A shekararmu ta farko an sa mu jiƙa zoɓo a ɗakin gwaji, mu ɗiga masa abu mai kanwa ya yi duhu, mu ɗiga mai tsami ya dawo ja. Abin da ya fi dacewa shi ne a dafa sabon zoɓo mai kauri a ƙara, amma duk murhun suna da tukwane a kai, buhun Goggo kuma yana ɗaure a ƙarƙashin gadon ɗakin da take salla. Sai na tuna da lemon tsamin da aka sayo don wanke kayan cikin rago. Inna Ma'u ta yi amfani da kaɗan, sauran suna cikin leda a kan buhun shinkafa.

Na fara gwadawa a kofin gilashi. Ɗigo biyar, launin ya motsa. Ɗigo goma, ja ya leƙo daga ƙasa. Na kurɓa, na ƙara, na sake kurɓa. Daga nan na yi ta yanka ina matsewa a rariya, ina juyawa ina ɗanɗanawa. Na ƙara ruwa kaɗan da sukari. Kanwar ba ta ɓace duka ba, amma ta koma can baya inda sai mai neman ta zai same ta. Ɓawon lemon na ƙulle a leda na tura bayan buhu.

Ina fitowa na ji Inna Ma'u tana faɗa a tsakar gida. "Wa ya taɓa mini ruwan kanwa? Na bar kwano cike!"

"Ni ce, Inna," na ce. "Na yi tuntuɓe da dakalin."

"Kai, 'yan boko! Ga tabarau, ido huɗu, amma dakali ba ya ganuwa."

Aka yi dariya, ta wuce. Na yi mamakin yadda ƙarya ta fito mini da sauƙi har sau biyu a rana ɗaya.

Bayan azahar mutanen Babura suka iso, mota biyu. Sun zo da lemon kwalbarsu duk da haka, aka jera a zaure. Aka shimfiɗa tabarmi a rumfa, mata suka cika gida, ana ta karɓar jariri ana sa albarka. Goggo ta fito cikin lafaya ruwan goro, ta zauna a kujerar da aka ajiye mata kusa da Hajiya Fatu. Ni na fito da kular zoɓo, na fara rabawa.

Robobin farare ne, ana ganin abin da ke ciki. Rana ta bugi na farko da na miƙa, ya yi ja kamar yadda ya fito daga ƙyallen tata. Na ga idon Goggo ya bi shi daga hannuna zuwa hannun baƙuwa. Ta san zoɓon da ta rufe da faifai. Ta kuma san cewa zoɓon da kanwa ta kama ba ya dawowa don kansa.

Hajiya Fatu ta sha, ta cire robar daga baki ta dube ta, ta sake sha.

"Kai! Hajiya Yagana, ashe gaskiyar mutane ne. Ni na ce kada a wahalar da ke, ashe kaina zan cuta." Ta juya ga matan da suka zo tare. "Ku ajiye lemon nan, ku sha wannan. Kun ji ɗan lemon tsamin da ke tashi a ƙarshe? Ni ban taɓa sanin ana sa shi ya zauna haka ba. Mu namu in an sa sai ya yi ɗaci."

Goggo ba ta sa lemon tsami a zoɓo. Duk danginmu sun sani, takan ce masu gaggawa ne suke sa shi. Umma ta ɗago daga inda take, ta dubi Goggo, ta dube ni, ta koma kan abin da take yi.

"Ku sha," in ji Goggo. "Akwai saura."

"Ai ba saura kawai ba. Bayan Ƙaramar Sallah zan aurar da autata. Tun yanzu na kama ki, mota zan aiko har Gwiwa."

"Allah ya kai mu."

Zoɓon ya ƙare tas kafin la'asar, lemon kwalba ko rabi ba a sha ba. Har Baba ya aiko daga waje a ƙara wa maza, aka ce babu. Na ji shi a zaure yana ce wa wani, "Ai yayata ce take yi, tun muna samari." Muryarsa cike da jin daɗi. Abin da na so ya samu: ba wanda zai sake maganar hutu.

Na je ɗaki ɗauko tire, na tarar da Goggo a bakin gado tana ninke zanen aikinta. Na juya zan fita.

"Lemo nawa kika matse?"

Na tsaya. "Ashirin da uku, Goggo."

"Kanwar Ma'u ce?"

"Ita ce. An matsar da naki kwanon."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da ninki. "Da sabon zoɓo aka dafa, kofi uku, da ba wanda zai ji komai. Ga shi nan a ƙarƙashin gado."

"Kina salla a ɗakin. Kuma buhun a ɗaure yake."

"Da kin faɗa mini, da na kwance."

Na kasa ɗago kai. A waje ana ta guɗa, wani ya kawo kyautar atamfa.

"Tun yaushe kika san ba na jin ɗanɗano?" ta tambaye ni.

"Tun jiya."

"Tun jiya." Ta shafa zanen a kan cinyarta. "Fiye da shekara talatin ban miƙa wa mutum ludayi ba, Lubna. Na duba gidan nan kaf, na ce wannan ba ta surutu, kuma idonta yana gani. Na ce ita za ta gaya mini."

"Akwai mutane a wurin, Goggo."

"Da kin girgiza kai kawai. Ni zan gane."

Babu faɗa a muryarta, da ma faɗan ta yi. Na tsaya ina tunanin matar da ta yi wata tara tana ƙirga kanumfari ita kaɗai a Gwiwa, tana cin tuwon da ba ta jin komai a cikinsa, ba ta gaya wa kowa ba. Ni na ɗauka asirinta nake rufewa. Ashe ta riga ta buɗe mini shi da kanta, a tsakiyar mutane, ta hanyar da ta iya, ni kuma na mayar mata da shi a rufe. Yanzu ga Babura an kama ta, an kuma yabi abin da ba ta san ɗanɗanonsa ba.

Umma ta ƙwala mini kira daga rumfa. Na ɗauki tiren, na kai bakin ƙofa, sai na tilasta wa kaina na juyo.

"Goggo, idan za ki Babura ki tafi da ni. Duk abin da na ji a ludayin zan faɗa miki. Ko a gaban wa."

Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe, kamar yadda ta dubi zoɓon a rana. Umma ta sake kira, na fita.

Na yi ta kai da kawo da tuwo da nama. Mutanen Babura suka fara haramar tafiya, ana neman takalma, ana ɗaura wa yara kaya. Ina tsugunne a gefen rumfa ina tattara robobin da aka sha, sai na ga gefen lafaya ruwan goro ya wuce ta bayan matan da ke sallama. Jakarta tana rataye a kafaɗa. Ba ta leƙa ɗakin maijego ba, ba ta nemi Umma ba, Inna Ma'u ma da ke tsaye a hanya ta kewaye ta. Ta ɗan dafa bangon zaure ta gyara takalminta, ta fita.